Ƙwan tsakar daji: yadda ake gane mai rai, da yadda ake renonsa har ya ƙyanƙyashe

Wani matashi daga Aboabo, a Kumasi, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tsakar daji mai kaurin wutsiya, mace da namiji, wata bakwai ke nan. Shekaranjiya na tarar macen ta binne ƙwai biyu a kwanon ƙasar da na ajiye mata. Ɗaya fari ne tas, ɗayan ya ɗan yi rawaya, gefensa ya lotsa. Abokina mai kiwon kaji a Tafo ya ce in kawo ya sa mini a injin ƙyanƙyasa. In kai? Kuma ta yaya zan san ko akwai ɗa a ciki?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka kai. Ka gode wa abokin naka, ka saya masa koko da ƙosai in ka ga dama, amma ƙwan nan kada ya shiga injinsa ko na awa ɗaya. An ƙera injin kaji ne ya riƙe zafi wajen digiri 37 da rabi a ma'aunin Salshiyos, yana kuma jujjuya ƙwai sau da yawa a rana, kamar yadda kaza ke yi da baki da ƙafa in tana kwanci. Waɗannan biyun, zafin da juyin, kowanne shi kaɗai ya isa ya kashe abin da ke cikin ƙwan tsakarka. Ƙwanta yana son tsakanin digiri 27 zuwa 32 ne. In ya daɗe sama da 34, ko ɗan ya mutu, ko ya fito da karkataccen baya ko murɗaɗɗiyar wutsiya.

Yawancin ƙwan da na ga ya lalace a hannun masu kiwo a nan, sanin kaza ne ya lalata shi. Duk ɗan zango ya tashi da kaji da zabi a tsakar gida, hannunsa ya saba da ƙwai, to sai ya ɗauka ƙwai ƙwai ne. Kama da wane ba wane ba ce.

Ɗauki maganar juyi. In ka fasa ƙwan kaza za ka soya, kana ganin wasu fararen zaruruwa biyu a murɗe, manne da gwaiduwa? Su ne ke rataye gwaiduwar a tsakiya, ta yadda duk inda aka juya ƙwan, ɗan tsakon yana komawa sama. Ƙwan ƙadangare ba shi da su. Cikin kwana ɗaya ko biyu da sakawa, ɗan yakan zauna a gefen da ke sama ya manne da ɓawo ta ciki, daga nan yake shan iska. Ka kifa shi, nauyin gwaiduwa ya danne shi, ko jijiyoyin da suka fara fita su tsinke. Tunda naka ya kwana biyu, yanzu ma kafin ka gama karanta wannan, nemi fensir ka ɗan yi alama a saman kowanne, a yadda ka tarar da shi. Fensir na ce, ba biro ba, ba maka ba, don ɓawon yana tsotsa. Ba wai ɗan karkacewa kaɗan zai kashe shi nan take ba, na sha ganin uwa ta shure ƙwai da ƙafa a daren farko kuma ya fito lafiya, amma babu dalilin gwada sa'a. Idan ƙwai biyun sun manne da juna kuma ba su rabu da sauƙi ba, bar su tare.

Haka gwajin ruwa, irin wanda masu sayen ƙwan zabi suke yi a roba, mai kyau ya nutse, baragurbi ya taso. Kada ka yi shi. Ɓawon ƙwan tsakarka ba irin na kaza ba ne mai ƙarfi kamar tangaran. Kamar jemammiyar fata yake, yana lanƙwasawa, yana shan ruwa daga ƙasar da yake ciki, yana kumbura yayin da ɗan ke girma, har a ƙarshe za ka ga ya fi yadda aka saka shi girma sosai. Tsoma shi a ruwa toshe masa numfashi ne, kuma ba abin da gwajin zai nuna maka. Ko wanke shi kada ka yi. In ƙasa ta manne masa, bar ta. Wanda ya taɓa tsintar ƙananan ƙwai farare masu tauri a bayan kabad zai ce ai ƙwan tsaka da tauri yake. Wannan na tsakar gida ne mai hawa bango, wani dangi ne daban. Taka, wadda masana ke kira Hemitheconyx caudicinctus, 'yar ƙasa ce, tana da fatar ido tana ƙiftawa, ba ta iya hawa gilashi, asalinta kuma yankinmu ne, daga Sanigal har Kamaru, da dazuzzukan arewacin Gana a ciki.

Yanzu ga abin da ka fi son ji. A nan ƙadangare ya sauƙaƙa mana fiye da kaza. Ƙwan kaza sai an yi kwanaki ana kwanci a kai kafin a ga jini a ciki. Yawancin ƙadangaru kuwa ɗan yana fara ginuwa tun ƙwan yana cikin uwa, saboda haka ranar da aka saka shi ma akwai abin gani. Jira dare, kashe wutar ɗaki, kunna tocilan wayarka. Naɗe takarda mai kauri kamar mazurari ka ɗora a bakin hasken don ya taru wuri guda, sannan ka kai shi jikin ƙwan ta gefe ko ta ƙarshe. In za ka iya haskawa ba tare da ka ɗaga ƙwan ba, ya fi. In dole sai ka ɗaga, alamar fensir tana kallon sama, kuma kada ka wuce rabin minti.

Mai rai, cikinsa yana haske ruwan hoda-hoda, kuma a wajen sama za ka ga wani ja-jan da'ira kamar zobe, da ɗigo a tsakiya, faɗinsa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ɗigon nan shi ne ɗan. Bayan mako ɗaya zuwa biyu jijiyoyi za su fito daga zoben su bazu kamar saiwar gero, duk ƙwan ya koma ja-ja in an haska. Wanda ba kowa a ciki kuwa rawaya yake haskawa, fayau, gefe da gefe iri ɗaya, ba zobe ba jijiya. A hannu ma akwai bambanci: mai rai yakan yi fari kamar alli cikin kwanaki kaɗan, ya yi tauri-tauri in ka ɗan taɓa, marar rai kuma ya zauna lagwaf kamar ledar ruwan da aka sha rabi, wani lokaci da danƙo a jiki.

To a kan wannan, farin naka ina kyautata zaton yana da rai. Mai rawayan kuma, in ka tambaye ni, na fi zaton baragurbi ne. Amma zato ne, kuma ba a yar da ƙwai a kan zato. Lotsawa ita kaɗai ba hujja ba ce, don ƙwan da ya kwana biyu a busasshiyar ƙasa yakan lotsa saboda ƙishirwa, ka mai da shi wuri mai laima ya cika cikin kwana uku ko huɗu. Zoben ma wani lokaci yana ɓuya a gefe ko a ƙasa, ba ka ganinsa a haskawar farko. Akwai shekarar da na ware wani ƙwai mummuna, duk tabo, na tura shi can lungu don kawai ban sami lokacin zubarwa ba, shi ya riga ɗan'uwansa mai kyan gani fitowa. Tun daga nan dokata ɗaya ce: ƙwai shi zai faɗa da kansa cewa ya mutu. Zai shafe, ya yi ruwan ƙasa ko kore, gansakuka ta rufe shi, ya yi wari wanda ba sai an kira ka ba. Kafin wannan, ba shi robarsa daban don kada ya ɓata ɗan'uwansa in ya ruɓe, ka ci gaba da kula da shi har mako uku.

Kada kuma ranka ya ɓaci in duka biyun suka zama fanko. Mace matashiya, sakawarta ta farko sau da yawa haka take zuwa. Kuma saka ƙwai ba shaidar barbara ba ce, macen ƙadangare tana sakawa ko ba namiji, kamar kajin gona masu ƙwai. Ta ɗaya gefen kuma, macen da aka taɓa barbara tana ajiye maniyyi a jikinta watanni, ta yi ta saka ƙwai mai rai bayan an raba ta da namiji. Shi ya sa wadda aka kamo daga daji takan ba mai ita mamaki. Akwai ma abin da ya wuce wannan: a 2006 an tabbatar a gidajen namun daji na Chester da Landan, a Ingila, cewa matan ƙaton guzan nan na tsibirin Komodo sun saka ƙwai masu rai ba tare da namiji ba sam. Taka dai ba ta cikin masu yin haka. Abin da za ka sa rai shi ne wasu biyun bayan mako biyu zuwa huɗu, don bibbiyu take sakawa, sau da yawa a kaka guda. Ke nan abin da za ka shirya yau, na gaba ma kake shirya wa.

Shirin ba shi da tsada. Roba mai murfi, irin ta zuba abinci, wadda ake samu ko'ina a kasuwar Kejetia. Huda ƙananan ramuka biyu ko uku da allura a gefe ta sama. Abin da za ka shimfiɗa a ciki, wanda masu wannan sana'a suka fi yarda da shi shi ne bamikulait, wani ma'adini mara nauyi mai ƙyalli da masu renon furanni da irin shuka suke amfani da shi, ko ɗan'uwansa fari, falait. In ba ka samu ba, niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa yana yi, in ka wanke shi sosai don wani yana da gishiri, ko yashin rafi wankakke gauraye da shi. Garin katako daga wajen masu yankan timba kada ka kusance shi, yana tsami, yana kiran gansakuka, wani kuma da magani a jiki. Ƙasar lambu mai taki ma haka.

Ruwa shi ne inda mutane suka fi zamewa, kuma kullum ta gefen yawa suke zamewa. Da bamikulait, awon nauyi ake yi, ɗaya da ɗaya: giram 100 na shi, giram 100 na ruwa, wato mililita 100. Falait ɗan ƙasa da haka. In ba sikeli, gwada da hannu: ya zama kamar garin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu, ka dunƙula ya dunƙulu, ka matse da ƙarfi ko ɗigo ɗaya kada ya fito. Zuba kaurin yatsa uku, danna babban yatsa ka yi gurbi, kwantar da ƙwan a kwance rabi a ciki rabi a waje, ka rufe. Sai ka ɗora robar gaba ɗaya a sikelin kicin ka rubuta nauyin a murfi. Kowane mako ka sake aunawa, abin da ya ragu ruwa ne ya tashi, ka mayar da shi ta kusurwa, nesa da ƙwan, da ruwan da ba sanyi ba zafi. Wannan dabarar ta fi duk wani kallon ido, musamman in hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, lokacin da robar da ba ta rasa komai a damina za ta fara bushewa da sauri. Ɗan gumi a jikin roba ba laifi. In ka ga ruwa ya taru a murfi yana shirin ɗiga a kan ƙwan, ya yi yawa, goge shi, ka ɗan tokare gefe ɗaya na robar don ɗigon ya gangara bango. Ƙwan da ya bushe ana ceto shi. Wanda ya sha ruwa fiye da kima ya kumbura tam har ya fara tsattsafowa, da wuya.

Sai zafi. Abin da za ka gani a intanet yawanci mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, su kuwa sanyi suke yaƙi da shi, shi ya sa duk maganarsu fitila ce da tabarmar ɗumi. Mu a Kumasi matsalarmu a juye take. Yawancin shekara ɗakinka ma injin ƙyanƙyasa ne. Abin tsoro shi ne Fabrairu da Maris, lokacin da rana kan haura digiri 33 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya wuce haka nesa da ƙarfe biyu na rana. Ni kaina na yi wannan asarar: na ɗora robobi a saman kabad don yara kada su taɓa, na yi tafiyar kwana uku a watan Maris, na dawo na tarar da ƙwai shida sun dahu a tsaye. Saman ɗaki ne ya fi ko'ina zafi, na sani, amma hankalina yana kan yara.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi nake ba ka shawara, kula ce, irin ta masu sayar da ruwan sanyi. Jera gorunan ruwa cike, a rufe, huɗu ko biyar a ƙasanta, ɗora robar ƙwai a kansu, rufe, ka ajiye a ƙasa kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin saki, sai ya haɗiye zafin rana ya rage sanyin asuba. Dumso, wato ɗauke wutar lantarki, bai shafe ka ba, tunda ba abin da aka jona. Kuɗin da za ka kashe, kashe shi a kan ma'aunin zafi mai lamba, mai waya da ake zurawa ciki, wanda yake tuna mafi zafi da mafi sanyin da aka yi. Sa bakin wayar dab da ƙwan, ka duba safe da la'asar. In ka ga yana kusantar 33, sauya gora ɗaya da mai ruwan randa, ban da ƙanƙara. A Yuli da Agusta, da dare kan sauka wajen 21 ko 22, in cikin kular ya zauna ƙasa da 26 kwana da kwanaki, sauya gora ɗaya da mai ruwan ɗumi da dare. Sanyin 'yan awoyi jinkiri kawai yake kawowa. Zafin 'yan awoyi shi ke kisa.

Akwai wani abu a maganar zafin nan da mutane ba sa yarda in na faɗa, sai sun gani. A irin tsakarka, da 'yar'uwarta mai zanen damisa ta ƙasashen Pakistan da Afganistan, zafin da ƙwai ya samu a makonnin farko shi ke yanke mace ko namiji. Wajen 26 zuwa 28 yawanci mata ne, wajen 31 zuwa 32 maza sun fi yawa, tsakani kuma gauraye. Kuma ba a wata uwa duniya aka fara gano wannan ba. Wata masaniya Bafaranshiya, Madeleine Charnier, ita ta fara bayyana shi a 1966 a jami'ar Dakar, a kan ƙadangaren nan namu na kan katanga, wanda namijinsa muke kira jan-gwada, mai gyaɗa kai a bakin masallaci. Daga baya aka tarar da haka a kunkuru da kada. Da kula da gorunan ruwa ba za ka iya zaɓar jinsi daidai ba, sai da inji mai na'urar daidaita zafi. A karon farko ni ba zan dame kaina da wannan ba, ka nemi 28 zuwa 30 ka karɓi abin da Allah ya ba ka.

Maƙiyi na gaba kiyashi ne da tururuwa. Suna jin ƙwai daga nesa, ramin allura kuma ƙofa ce a wajensu. Yadda iyayenmu mata suke tsare sukari, haka za ka yi: ƙafafun bencin da kular ke kai su zauna cikin gwangwanaye masu ruwa. Maganin ƙwari na fesawa da na sauro mai hayaƙi kada su shiga ɗakin. Gansakuka kaɗan a jikin ƙwan da yake da jijiyoyi, goge ta a hankali da busasshiyar auduga, ka rage laima. Buɗe murfi sau ɗaya ko biyu a mako na 'yan daƙiƙoƙi don iska ta sauya, a makonni biyun ƙarshe kuma kowane kwana biyu, don a lokacin ɗan ya girma yana buƙatar iska sosai.

Haskawa kuwa sau uku ta isa: yanzu, bayan mako biyu, sai wajen wata guda. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Garin neman gira ake rasa ido, kuma mai haskawa kullum wata rana sai ƙwan ya suɓuce masa. Ka kuma san wannan tun yanzu don kada ka firgita: bayan wata guda hasken ja yana raguwa, cikin ƙwan ya yi duhu, jijiyoyi su rage fitowa. Mutane da yawa a nan suke cewa ya mutu su fasa, sai su tarar da ɗa cikakke yana motsi. Duhun jikinsa ne ya cika wurin. Wanda ya mutu a tsakiyar hanya, jijiyoyinsa narkewa suke su zama gurɓataccen ruwan ƙasa, ɓawon ya sake, wari ya biyo baya.

Lissafa daga ranar sakawa, ka rubuta ta a murfi. Taka tana ɗaukar wajen kwana 45 zuwa 70, da zafi da sauri, da sanyi a hankali. Don ka kwatanta, ƙadangare mai gemu na Ostareliya wajen wata biyu ne, damo wata biyar zuwa shida, dama shi sarkin haƙuri ne tun daga ƙwai, wasu hawainiyoyi kuma har su wuce wata shida, kuma su ko ka haska a farko ba ka ganin komai, don ɗan yakan tsaya cik na wani lokaci kafin ya fara girma. Damo da hawainiya suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, duk mai tunanin kiwonsu don sayarwa ya fara zuwa Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ya ji sharuɗɗa.

In lokaci ya yi, ƙwan zai yi gumi, ɗigo-ɗigo a jiki, ya ɗan lotsa. Wannan lotsawar ta ƙarshe ba ƙishirwa ba ce, kada ka ƙara ruwa. Ɗan zai tsaga ɓawo da ɗan haƙorin da ke bakin hancinsa, ya leƙo da kai, sannan ya tsaya kamar ya fasa fitowa, wani lokaci yini guda ko fiye. Yana koyon numfashi ne, yana kuma janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya. Ka jawo shi, ka fito da shi da gwaiduwa a waje, sau da yawa ba ya rayuwa. In ya fito da kansa, mai da shi ƙaramar roba mai shimfiɗar tishu mai laima, da wurin ɓuya, da murfin gora cike da ruwa. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko, bayan kwana uku zuwa mako guda, sannan ka fara ba shi ƙananan gyare da ba su wuce faɗin tsakanin idanunsa ba. Kada ka mai da shi wajen iyayen, suna iya cinye shi. Kuma ka wanke hannu da sabulu duk sanda ka taɓa su ko ƙwansu, don dabbobin nan suna ɗauke da ƙwayar salmonela, yara ƙanana kuwa ba sa jure ta.

Uwar ma kada ka manta da ita saboda ɗokin ƙwai. Kowane ɓawo daga sinadarin kalsiyam na jikinta take gina shi, in abinci bai kawo ba daga ƙashinta take cira. Barbaɗa garin kalsiyam a kan gyaren da kake ba ta, ka ajiye kaɗan a murfin gora, ka raba ta da namijin ta huta, ka dubi wutsiyarta, don nan ne rumbunta, in ta fara sirancewa ƙara abinci. Kwanon ƙasar nan ya zauna da laima kullum, zurfinsa ya kai tsawon yatsa. In ka ga ƙwai ta fatar cikinta, tana ta tono kwana da kwanaki ba ta saka ba, ta daina motsi, idanu sun faɗa, ƙwai ne ya maƙale. Kada ka matsa cikin, kada ka ɗura mata mai. Ɗauke ta a robarta ka nufi likitan dabbobi a ranar, akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST, ba nisa daga Aboabo.